Ƙwari sun ci dashe: a yi jinyarsa ko a tuge a sake zuba iri?

Dashen da ƙwari suka taɓa yana da yaudara. Wani za ka tarar da ganyensa duk huda-huda, ba kyan gani, amma bayan mako biyu ya murmure har ya wuce 'yan'uwansa tsayi. Wani kuwa kore shar, ganye biyu ne kawai na sama suka ɗan nannaɗe, alhali ya riga ya kwashi cutar da ba za ta bar shi ya yi 'ya'yan kirki ba. Wanda ya yanke hukunci da abin da idonsa ya fara gani, sau da yawa mai rai yake zubarwa, ya zauna yana yi wa matacce ban-ruwa.

Ko tumatir ka rena, ko tattasai, kabeji, albasa ko kokwamba, hanyoyin da ke gabanka huɗu ne: ka yi jinyar dashen gaba ɗaya, ka rairaye shi ka riƙe masu lafiya kawai, ka tuge duka ka sake zuba iri, ko ka sayo dashen da wani ya rena. Kafin ka ɗauki ɗaya, akwai abubuwa huɗu da ya kamata ka auna, kuma biyun farko sun fi sauran nauyi.

Ina ƙwaron ya ci?

Ganye shi ne mafi arha a jikin tsiro. Dashen da ya kai ganye uku ko huɗu na ainihi, ban da biyun nan na farko da ke fitowa daga cikin ƙwayar iri, zai iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ganyensa ya ci gaba da rayuwa, muddin kansa yana nan. Kan tsiro, wato ɗan tohon nan na tsakiya inda sabon ganye ke ɓullowa, shi ne abin dubawa na farko. A nan kuma amfanin gona ya sha bamban. Tumatir in an gutsure masa kai, yakan fitar da sabon toho daga kusurwar da ganye ya haɗu da kara, ya taso da rassa biyu, sai dai ya yi jinkirin mako ɗaya ko biyu. Tattasai ma haka, amma ya fi nawa. Kabeji ba ya yafe wannan: da zarar tsutsa ta cinye masa zuciya, ko dai ya ƙi ɗaure kai sam, ko ya fito da ƙananan kawuna da ba su da amfani. Albasa kuwa wurin tohonta yana can ƙasa a gindi, shi ya sa fara za ta aske mata ganye, ka dawo bayan kwanaki ka ga ta sake turo wani.

Idan an yanke karan ƙasa da ganye biyun farko, babu idon da ya rage wanda zai yi toho. Kada ka jira kututturen. Amma in tumatir ne, kuma ka tarar da saman da aka yanke bai riga ya yi yaushi ba, tsoma shi a ruwa ko a ƙasa mai danshi cikin inuwa, domin tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Sai saiwa, wadda yawancin mutane ba sa dubawa saboda suna tsoron tuge ko da guda ɗaya. Sadaukar da biyu ko uku, ka ɗauraye su a ruwa. Lafiyayyar saiwa fara ce, da ƙarfinta, da ƙananan gashi. Wadda ta ruɓe takan koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, in ka ja ta tsakanin yatsu biyu fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare. In ka ga ƙulli-ƙulli a jikinta, aikin nimatod ne, wasu tsutsotsin cikin ƙasa da ido ba ya gani, kuma irin wannan dashen ba a kai shi gona, don zai tafi da su ne ya zuba a sabuwar ƙasa. In kuma wuyan tsiron ne ya sirance daidai inda ya taɓa ƙasa, ya yi duhu kamar an jiƙa shi, tsiron ya kwanta, to wannan ba cizon ƙwaro ba ne. Ruɓewar gindi ce da ke zuwa da yawan ruwa da cunkoso, kuma wanda ya riga ya faɗi ba ya tashi.

Wane ƙwaro ne: mai tauna ko mai tsotsa?

Wannan tambayar ce ke raba gardama. Masu tauna, irin su fara, gyare, tsutsa, dodon koɗi da ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kabeji, ɓarnarsu a fili take. Abin da ka gani shi ne iyakar abin da suka yi. Ka kawar da su, magana ta ƙare.

Masu tsotsa su ne matsala. Darɓa, farin ƙuda da tirips, wasu siraran mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike, ba sa cin ganye da yawa a farko, amma suna ɗauke da cututtukan bairos daga wannan shuka zuwa waccan, kuma babu feshin da ke warkar da bairos a jikin tsiro. Farin ƙuda, wanda masana ke kira Bemisia tabaci, shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya ƙanƙance, ya nannaɗe sama, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi tashi. Tirips ke yaɗa cutar da ke zana tabo-tabo masu launin tagulla a ganyen tumatir da tattasai, wadda aka fara ganowa a Ostireliya a 1915. Darɓa kuma tana iya ɗaukar bairos ɗin da ke ɓata ganyen kokwamba ta zuba shi a wata shuka cikin ƙasa da minti ɗaya, tun kafin maganin da ka fesa ya kashe ta. Abin da ya fi ɓata rai shi ne alamar ba ta fitowa nan take. Tsiron da farin ƙuda ya harba yau zai iya yin mako biyu zuwa uku yana kama da lafiyayye.

Jan gizo-gizon ganye, ɗan mitsitsin nan da bai kai milimita ɗaya ba, ba a san shi da yaɗa waɗannan cututtuka ba, amma yana da tasa fitinar: saurin hayayyafa. A zafi da bushewa, kusan digiri 30, mako guda ya ishe shi daga ƙwai zuwa balaga. Yana cikin ƙwarin da suka fi saurin sabawa da magani a duniya. In ka ga ɗigo-ɗigon fari ko rawaya a saman ganye, shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi ka ɗan kaɗa tsiron. Ƙurar da ta zubo, in ka zuba mata ido ka ga tana tafiya, to su ne. In har sun kai ga yin saƙa tsakanin ganye da kara, sun daɗe a wurin.

Akwai kuma ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga ƙasar reno in ka taɓa ta. Manyan ba sa cin komai a jikin tsiro. 'Ya'yansu ne, wasu fararen tsutsotsi masu baƙin kai, ke cinye gashin saiwa a ƙasar da ba ta bushewa. Yanka dankali ka kifa shi a kan ƙasar, ka ɗaga bayan kwana biyu, za ka same su maƙale a jiki. Tsutsar da ke yanke kara kuwa da dare take aiki. Fita da tocila bayan duhu ya yi, ko ka tona ƙasa kaɗan kusa da tsiron da aka kayar, za ka same ta a naɗe.

Lokaci nawa ya rage maka?

Kuɗin sake shuka na gaskiya ba a aljihu yake ba, a kalanda yake. Tumatir yana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, ya isa dasawa a mako 4 zuwa 6. Kabeji kusan haka. Kokwamba da kankana sun fi kowa sauri, kwana kaɗan sun fito, ba ma sa son a daɗe da su a reno. Tattasai shi ne mai jan rai: tsirowa kaɗai na iya cin mako biyu ko uku, sannan a jira mako 6 zuwa 8 kafin dashe. Albasa ma takan kai wata biyu. Saboda haka tsiron kokwamba ɗan kwana goma bai cancanci jinyar mako uku ba, amma tattasai ɗan mako shida ya cancanci a sha wahala a kansa.

Ka kuma duba ƙarshen kakar, ba farkonta kaɗai ba. Tumatir yana zubar da fure in zafin rana ya haura digiri 32 dare kuma bai sauko ba. Albasa tana bin tsawon yini wajen fara yin kai, ba ta jiran wanda ya makara, don haka dashen da ya zo a makare ƙaramin kai zai bayar.

Irin nawa ne, kuma akwai saura?

Irin da ka ajiye da kanka daga amfanin bara kusan kyauta ne. Irin haɗi mai alamar F1 ƙirga shi ake yi ƙwaya-ƙwaya, dashen da aka yi wa aure, wato aka haɗa kan wani tsiro da gindin wani, kuma ya fi shi tsada. In akwai sauran iri a ajiye, kada ka dogara da shi sai ka gwada: ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, ka ga nawa za su fashe. Irin albasa yakan raunana bayan shekara guda, na tumatir yana iya kai shekara huɗu in an adana shi a busasshen wuri.

Hanya ta ɗaya: jinya

Ita ce mafi arha a kuɗi, mafi tsada a ƙwazo. Za ka fara da nisanta dashen daga sauran shuke-shuke, ka tsince abin da hannu zai iya tsincewa, ka wanke bayan ganye da ruwa mai ɗan ƙarfi, don a nan darɓa da jan gizo-gizo ke zama. Sannan feshi gwargwadon ƙwaron. Ruwan sabulu mai laushi, mililita 10 zuwa 20 a lita ɗaya, yana kashe masu laushin jiki, amma sai wanda ya taɓa kawai, da ya bushe aikinsa ya ƙare. Garin wanki mai ƙarfi ba ya cikin wannan lissafi, ƙona ganye yake yi. Man darbejiya yana hana ƙwaro ci da girma, sai dai a hankali yake aiki, rana kuma tana kashe ƙarfinsa, don haka da yamma ake fesa shi. Ga tsutsa mai cin ganye akwai maganin Bt, wanda aka samo daga wata ƙwayar bakteriya, Bacillus thuringiensis. Wani jinsinta da aka gano a hamadar Negeb ta Isra'ila a 1976 shi ake zubawa a ƙasa don tsutsar baƙaƙen ƙudajen nan, amma barin saman ƙasar ya bushe tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa shi ne rabin maganinsu.

Inda jinya ke karyewa shi ne maimaitawa. Yawancin magunguna ba sa taɓa ƙwai. Tirips a cikin naman ganye yake saka nasa, sannan ya sauka ƙasa ya yi kwanci kafin ya fito da fiffike, ka ga wurare biyu ke nan da feshi ba ya kaiwa. Dole a sake fesawa duk kwana 5 zuwa 7, aƙalla sau uku, a kama sababbin ƙyanƙyasa kafin su ma su yi ƙwai. Mutum ya fesa sau ɗaya, ya ga ƙwari sun ragu ya kwanta, bayan kwana goma su dawo sun ninka, sai ya ce maganin jabu ne.

Haɗarinta uku ne. Na farko ƙuna: ganyen dashe danye ne, ba ya jure abin da babbar shuka ke jurewa, musamman in an fesa mai ko sabulu da tsakar rana. Gwada a tsiro biyu, ka jira kwana ɗaya. Kada kuma a fesa mai a kan ganyen da aka sa wa farar wuta cikin mako biyun da suka wuce. Na biyu, maganin da ke kashe kowane ƙwaro ba zaɓe yakan share ƙwarin da ke cin jan gizo-gizo ya bar shi, sai ya ƙara yawa bayan feshi. Na uku shi ne mafi muni: ka yi jinyar abin da bairos ya riga ya shiga, ka kai shi gona, ya zama tushen cutar ga duk abin da ke kewaye.

Wani kuskuren da tausayi ke jawowa shi ne ɗura wa dashe taki don ya farfaɗo. Saiwar da aka ci ba ta iya ɗaukarsa, toho mai laushin da takin ke fitarwa kuma shi darɓa ta fi so. A bar taki sai an ga sabon ganye.

Ta yaya za ka san jinyar ta ci? Ba a tsohon ganye ake gani ba. Hudar da aka yi ba ta toshewa, tabon tsotsa ba ya gogewa. Sabon ganyen da zai fito daga kai cikin kwana 7 zuwa 10 shi ne shaida. In ya fito a miƙe, da faɗinsa, kore sosai, ka yi nasara. In ya fito ƙanana, a murɗe, ko da rawaya-rawaya, jinya ta ƙare.

Hanya ta biyu: rairaya

A ganina wannan ce ta fi dacewa da yawancin mutane, kuma ita ce aka fi ƙi, saboda tuge tsiro mai rai da hannunka ba daɗi. Ƙwari ba sa shiga gadon reno bai-ɗaya. Sukan fara ta gefen da iska ke bugowa, ko kusa da ciyawa, ko kusa da wata tsohuwar shuka. Ka cire waɗanda abin ya yi wa yawa, ka haɗa da layin da ke maƙwabtaka da su ko da suna da kyan gani, sannan ka yi wa sauran jinya. Aikin ya ragu, maganin ya ragu, iska ta sami hanyar shiga tsakaninsu.

Yadda ake cirewar yana da muhimmanci. Kifa leda a kan tsiron tukuna, ka tuge shi a ciki, ka ɗaure. In ka fizge shi haka kawai, farin ƙuda zai tashi ya sauka a kan na kusa, ka raba ƙwarin da hannunka. Ledar kuma ba ta zuwa ramin takin gargajiya. A binne da zurfi, ko a ƙona, ko a bar ta ɗaure a rana ta dafe abin da ke ciki.

Lissafinta mai sauƙi ne. A ce gurbi 100 kake son cikewa, ka zuba 130, ƙwari suka lalata 40. Saura 90 masu kyau sun fi 130 da ka san akwai gurɓatattu a cikinsu, gurbi goman da suka rage kuma ana iya cike su daga baya. Rauninta shi ne bairos mai ɓuya. In farin ƙuda ko tirips ne suka shiga, kuma ka riga ka ga alamar cuta a wasu, waɗanda ka bari ba su da tabbas. Sai ka riƙe su ƙarƙashin raga mako biyu kana kallo kafin ka amince da su, wannan jiran kuma yana cin lokacin da kake ƙoƙarin tsira da shi.

Hanya ta uku: a tuge duka a sake zuba iri

Ita ce mai ba da dashe mafi inganci: tsararraki ɗaya, saiwa lafiyayya, ba wanda girmansa ya taɓa tsayawa. Dashen da ya sha wuya yana ƙarami yakan makara wajen fure ko da ya warke, sabon kuwa ba shi da wannan bashin.

Amma sharaɗinta tsafta ce, in ba haka ba abinci kawai ka sake girka wa ƙwarin. Ƙasar da aka yi renon farko ba a maimaita ta, domin kwancin tirips, tsutsar ƙuda da ƙwayoyin ruɓewar gindi duk suna ciki. Tire da tukwane a kankare ƙasar jikinsu, a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, na aƙalla minti goma, a ɗauraye. In a ƙasa kake reno, canza wuri. Rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar leda mai shara-shara a lokacin zafi yana kashe abubuwa da yawa, sai dai yana buƙatar mako 4 zuwa 6, wanda mai gaggawa ba shi da su. A nome ciyawar da ke kewaye, don a nan farin ƙuda da darɓa ke fakewa su jira. Sannan a rufe sabon renon da raga tun ranar da aka zuba iri, ba sai an ga ƙwaro ba. Gidan sauro na yau da kullum yana tare fara da malam-buɗe-littafi, amma idonsa ya yi wa tirips faɗi. Raga mai ido 50 a inci ɗaya ita ake amfani da ita don farin ƙuda, tirips kuwa yana son wadda ta fi wannan matsi.

Wanda ba zai iya yin wannan sharar ba, gara ya tsaya a hanya ta biyu.

Hanya ta huɗu: sayen dashe

Kuɗi ne kake ba wa wani ya sayar maka da makonnin da ka rasa. Ta fi kowace hanya sauƙi, ta kuma fi tsada, sau da yawa ba za ka sami ainihin nau'in da kake so ba. Babban haɗarinta shigo da sabon baƙo. Ta cinikin tsirrai da furanni tirips ɗin yammacin Amurka ya bazu a duniya tun daga ƙarshen shekarun 1970. Tuta absoluta, tsutsar da ke haƙa hanya a cikin ganyen tumatir, daga Kudancin Amurka ta fito, aka gan ta a Sifen a 2006, cikin 'yan shekaru ta mamaye ƙasashen Bahar Rum ta shiga Afirka da Asiya, dashe da akwatunan tumatir suna cikin abin da ya yi jigilarta. Don haka juya ganye ka duba bayansa tun a wurin mai sayarwa, ka roƙi a zare maka ɗaya ka ga saiwa. Guji wanda ya yi dogon wuya, da wanda ya fara fure a cikin tire, da wanda saiwarsa ta nannaɗe ta cika gurbin ta yi tauri. In ka kawo gida, ajiye shi gefe guda na mako ɗaya, nesa da inda tsohon renon yake.

| Hanya | Kuɗi | Lokacin da za a rasa | Ingancin dashen | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jinya | Kaɗan | Mako 1 zuwa 3 | Ya danganta da inda aka ci | Mai yawa, sai an maimaita | Ɓoyayyen bairos, ƙunar feshi |
| Rairaya | Kaɗan | Kusan babu, ko mako 2 na sa ido | Mai kyau, amma adadi ya ragu | Matsakaiciya | Wasu da aka bari sun kamu |
| Sake zuba iri | Kuɗin iri da sabuwar ƙasa | Mako 3 zuwa 11, gwargwadon shuka | Mafi kyau | Shara da wanki | Makara, dawowar ƙwari |
| Sayen dashe | Mafi yawa | Mako 1 | Sai yadda mai renon ya yi | Kaɗan | Shigo da sabon ƙwaro |

Akwai abin da teburin bai nuna ba. An ce ba a tauna taura biyu lokaci guda, amma a nan ana taunawa: ranar da ka fara jinya, a ranar ka zuba sabon iri a wani wuri dabam, ƙarƙashin raga. Bayan kwana goma sabon ya tsiro, in ba mai jan rai irin tattasai ba ne, tsohon kuma ya nuna gaskiyarsa a sabon ganye. In ya warke, asararka 'yan ƙwayoyin iri ce, za ma su cike maka gurabe. In bai warke ba, ka riga ka yi gaba da kwana goma maimakon ka fara daga farko. Abin kiyayewa kawai, ka fara aikin safe da sabon reno kafin ka taɓa tsohon, domin jan gizo-gizo yana bin hannu da hannun riga.

Wa ya dace da wacce?

In mai tauna ne ya yi ɓarnar, kai da saiwa kuma lafiya lau, yi jinya, ko da ganyen ya yi muni. Wannan ya fi ƙarfi ga tattasai da albasa da suka yi nisa, da duk irin da ka saya da tsada.

In dashen bai wuce mako biyu ba, ko kokwamba ne da kankana, ko kana da iri a ajiye da sauran lokaci, kada ka ɓata maganinka. Tuge, share, sake zubawa.

In darɓa ce ko jan gizo-gizo a gefe guda na reno, ba saƙa, ba nannaɗewar sabon ganye, rairaya tare da feshi sau uku ta wadatar.

In farin ƙuda ko tirips ne, sababbin ganye kuma sun fara ƙanƙancewa a tsirrai da yawa, ko ka ga ƙulli a saiwa, babu jinya. Mai tukwane biyar a baranda zai iya yin kasada ya riƙe ɗaya ya ga abin da zai zama, asararsa ba ta wuce tukunya ba. Mai dasa fili guda, ko wanda gonarsa ke jikin ta wasu, ba shi da wannan damar.

Mai renon sayarwa hukuncinsa ya fi na kowa tsauri: abin da zai iya jinya ya dasa a gonarsa, ba zai iya miƙa wa mai saye ba, don haka duk tiren da masu tsotsa suka zauna a kai ya fita daga kasuwa. Wanda kuma lokaci ya ƙure masa, tattasansa ya lalace saura mako biyu a yi dashe, saye ne kaɗai zai kai shi wannan kakar, sai ya wanke tirensa ya tanadi raga don reno na gaba.